Tukunyar Kwali da Tambaya ta Biyu

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na huta ba. In na shiga ofishin malamai Malama Hauwa ta tare ni da "ke, ba mu labarin Abuja." In na fita Malam Sani ya biyo ni har bakin aji yana tambaya ko na ga fadar shugaban ƙasa. Har mai sayar mana da awara a bakin get sai da ta tambaye ni wai da gaske ne titin can da sabulu ake wanke shi. To ga shi na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Amma tun yanzu in gaya muku, ban ga fada ba, ban ga dogon bene ko ɗaya ba. Abujar da na je gonakin doya ce, sai wata makarantar gwamnati a bayan garin Kwali wadda rufin ajinta ya fi namu yoyo.

Ga wanda bai san ni ba, shekara ashirin da biyu ke nan ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Funtuwa, kuma shekara tara ni ce mai ladabtarwa. Yara suna ce mini Malama Aradu a bayan idona, sun ɗauka ban sani ba. Na sani sarai, kuma da sunan daɗi yake yi mini.

Dole in fara da abin da na ɗauka a jaka, in ba haka ba ba za ku gane me ya hana ni zama wuri ɗaya a tafiyar nan ba. Akwai yarinya 'yar ajin ƙarshe, zan kira ta Rukayya, ba sunanta ke nan ba. Ni na zaɓe ta shugabar ɗalibai da kaina, ban shawarci kowa ba, domin ban taɓa koyar da mai kai irin nata ba. Aikinta ta tsaya a bakin get da littafi ta rubuta sunan duk wadda ta makara, ƙarfe takwas in zo da 'yar dorinata in bi layi. Mako biyu kafin tafiyata, ana tsakiyar asambuli, sai yarinyar nan ta tako gabana ta ajiye littafin da ƙararrawa a ƙasa, ta ce, "Malama, ba zan ƙara rubuta sunan kowa ba." Na cafko hannunta, ta fizge, na yi baya na faɗi zaune a gaban makaranta duka, tabarauna ya rabe biyu. Wata a baya ta yi dariya. Har yau ina jin dariyar nan a kunnena.

Sau uku ina kiran ta ofis ina cewa, "Ke, lafiyarki kuwa?" Sau ukun ta sunkuyar da kai ta ce, "Lafiya lau, Malama." Na ce to, tunda lafiya lau ce, raini ne ke nan. Aka dakatar da ita, aka sa kwamiti zai zauna ranar Litinin, kuma kowa ya san bakina za a bi. In na ce kora, an kore ta, sunanta ba zai shiga jarrabawar fita ba. Na rubuta takardar korar shafi biyu, sa hannu kawai ya rage. A nan ne firinsifal ta ce an nemi malami ɗaya ya je ya ga yadda wata makaranta a Kwali take tafiyar da shugabancin ɗalibai da tarbiyyar zuciya. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ke za ki, ko kya huce." Na cusa takardar a jaka kusa da dorina, na ce a raina ba hucewar da zan yi.

Ranar Laraba da asuba na shiga mota a tasha. Allah Ya haɗa ni kujera ɗaya da wata Hajiya mai jiki, za ta kai daddawa Madalla, buhu ɗaya a but, ƙullin da ta fi ji da shi kuma a cinyarta. Kafin mu kai Zariya mayafina ya gama ɗaukar wari, ni da na fesa turare don kada in ji kunya a Abuja. Tana da daɗin hira, sai dai ni ba na cikin yanayin hira. Da muka wuce Kaduna kuwa kowa ya yi tsit, direba ya kashe waƙa, sai ƙarar carbi da addu'a ƙasa-ƙasa, kun dai san hanyar. Ni kuma in ciro takarda in karanta, in ninke in mayar, can in sake cirowa. A wajen Kateri Hajiya ta kasa haƙuri.

"Baiwar Allah, takardar saki ce kike ta buɗewa kina rufewa?"

Na ce, "Ta kora ce. Wata yarinya ce mara kunya."

Ta taɓe baki ta ce, "Uhm. Duk ɗaya ne ai," ta miƙo mini goro.

Masu tambayar ko akwai wata ƙofa da ake bi a shiga Abuja, ni dai ban ga ƙofa ba. Bayan mun wuce Dutsen Zuma mun sauke Hajiya da daddawarta, sai ga shinge, durom biyu da buhunan yashi. Wani jami'i dogo ya leƙo ya ce kowa ya buɗe jaka. Ya sa hannu a tawa, ya zaro dorina ya ɗaga ta sama, duk motar ta juyo.

"Hajiya, wannan fa?"

Na ce, "Kayan aiki ne. Malamar makaranta ce ni."

Wallahi sai na ga ƙaton mutumin nan ya mayar da ita da sauri, ya murza tafin hannunsa a jikin wando kamar yanzu aka zuba masa. Ya ce, "Sori, Malama, a sauka lafiya." Aka yi ta dariya, har da ni. Sai da muka yi gaba na tsinci kaina ina tunanin wace ce ta dake shi, kuma ko ta san har yau hannunsa yana tuna ta.

Yanzu ga abin kunyar, gara ku ji daga bakina. Ƙanwata Zulai ba ta taɓa wuce Zariya ba, amma ba abin da ba ta sani ba game da Abuja, duk daga waya. Ta ja mini kunne kan 'yan wan-cans, ɓarayin da suke shigar direba da fasinja. Ta ce, "Yaya, da kin ji an fara zancen wani kwali a but, wai cike yake da dala, to ki fita ko ta taga ce." A Zuba na shiga ƙaramar mota mai zuwa wajen Gwagwalada, maza biyu a baya tare da ni, mace ɗaya a gaba. Mun ɗan yi nisa sai direba ya kalli madubi ya ce, "Oya, waye mai kwali a baya?" Na kusa da ni ya ce, "Ni ne, oga." Matar gaba ta waiwayo ta ce, "Ni ma kwali." Innalillahi! Gumi ya karyo mini. Na zaro dorina na ce, "A sauke ni! Na ce a sauke ni ko in tara muku jama'a!" Alhali na riga na fara tarawa. Direba ya taka birki yana cewa, "Mama, wetin? Menene?" Ban saurare shi ba, na fito da jakata, suka tafi suna waiwaye.

Wurin ashe Tungan Maje ne. Wani mai sayar da rake a baro ya ga duk abin da ya faru, da na ji Hausarsa na san ɗan wajenmu ne, mutumin Ɗandume. Na ba shi labari ina haki, ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "To Hajiya, ke ina za ki?"

Na ce, "Kwali."

Kalmar na fita daga bakina na ji ta da kunnena. Mutumin nan ya riƙe baro yana dariya har da hawaye. Motar har Kwali za ta, direba yana tambayar masu wucewa ne kawai, ni kuma na fita daga motar da za ta kai ni ƙofar gida. Ya fere mini rake ya ce in jiƙa maƙoshi, ya tare mini wata motar. Da zai tako na lura ƙafarsa ta hagu a kumbure take, an naɗe ta da tsumma, da ƙyar yake dogara ta. Na ce, "Ya aiki, ya jiki?" Ya ce, "Lafiya lau, Hajiya, mun gode Allah." Na ce madalla, na shige mota.

Da la'asar na isa. Mai masaukina Madam Rifkatu ce, malamar da ke ba ɗalibai shawara a makarantar, gajeriya mai yawan dariya. Kuskurena na farko, na ce ashe nan garin Gwarawa ne. Ta ce, "Gbagyi, Hajiya. Haka muke kiran kanmu." Na yi ta gwadawa harshena ya ƙi, 'ya'yanta suna leƙe suna ƙyalƙyatawa. Na biyu, tsohuwarta ta dawo daga gona da ƙaton kwando na doya a kafaɗa, ta sauke ta huta, da za ta ƙarasa da shi ciki na tashi don neman lada na kama zan ɗora mata a ka. Tsohuwa ta goce kamar na zo da wuta. Madam ta ce su matansu ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka, wai kai nauyin tunani ya ishe shi.

Da aka kawo sakwara da miyar agushi da kaza na yi turus, ina juya cokali. Madam ta gane. Ta ce, "Ci abinki, yayana Isa ne ya yanka, limami ne a unguwar ƙasa." Uwa ɗaya uba ɗaya, shi da masallaci, ita da coci, kuma a ɗakin da aka sauke ni ga buta ga darduma an shimfiɗa ta daidai gabas. Na ci har na nemi ƙari. Sai dai ko a kan abincin hannuna yana kan jaka, kuma sau biyu na ɗauko biro na mayar.

Alhamis da safe muka tafi makaranta. Haɗe take, maza da mata, tagogi rabi babu gilashi, benci uku-uku ake zama, wasu huɗu. A bakin get na ga yarinya da littafi, na ce yauwa, ashe dai duk kanwar ja ce. Da na leƙa littafin sai na ga bayan suna akwai wani layi mai faɗi, an rubuta "dalili" a samansa. Yarinyar sunanta Godiya, 'yar shekara goma sha shida, baƙa siririya, ita ce shugaba, kuma ɗalibai ne suka jefa ƙuri'a suka zaɓe ta. Ta dube ni ta ce, "Sannu da zuwa, Malama. Ka zo lafiya? Ka zauna a nan." Na waiwaya ina neman namijin da take yi wa magana. Raina ya ɓaci, a garinmu yarinya ta ce mini "ka" ai sai an raba mu. Madam ta raɗa mini cewa haka Hausar nan take, kowa "ka" ne, har uwarka.

Bayan asambuli, maimakon a shiga darasi, kowane aji ya fita ƙarƙashin bishiya ya kasu gida-gida, mutum goma-goma, aka yi da'ira. Minti goma sha biyar kullum. Malami yana iya zama amma ba shi ke ja ba, ɗalibin da 'yan ajin suka zaɓa ne. A tsakiya akwai wata 'yar tukunyar ƙasa da ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba, ginin garin. Wanda tukunya take hannunsa shi kaɗai ke magana. Na tambayi me ya sa tukunya, Madam ta ce da sanda suka fara, yara suka mayar da ita abin zungurin juna. Tukunya kuwa dole ka karɓa da hannu biyu, ka miƙa da hannu biyu.

Godiya ta miƙa wa na kusa da ita, ta ce, "Yaya kake?"

Ya ce, "Lafiya lau."

Ta ce, "Wannan na gaisuwa ne, mun karɓa." Sai ta dafa ƙirjinta ta ce, "To, a ciki fa?"

Daga nan kowa ya yi shiru. Doka ce, sai an ƙirga goma a zuci kafin a wuce, ba mai tari, ba mai cewa yi sauri. Wanda ba ya so ya ce "ba yau ba," a wuce shi ba tare da tambaya ba. Ba zan faɗa muku abin da yaran suka ce ba, domin na yi alkawari kamar kowa a da'irar. Iyaka dai in ce a minti goma sha biyar na ji abin da ban ji daga bakin ɗalibaina ba a shekara ashirin da biyu. Da wata ta fara magana tana jan zance, sai halin nawa ya motsa, na ce, "Ke, ɗaga murya, ki tafi kai tsaye!" Godiya ta juyo a hankali ta ce, "Malama, tukunya ba ya hannunka." Tirƙashi! Yarinya sa'ar autata ta rufe mini baki a gaban yara, kuma na rufe.

Kada ku ɗauka aljanna na je. Da tsakar rana na ga maza biyu suna dambe a bayan aji har riga ta yage. Malamin kimiyyarsu ya gaya mini a fili cewa shi ɓata lokaci yake gani, minti goma sha biyar kullum ai darasi ne guda a mako. Na ji daɗin samun ɗan'uwa. Amma masu damben nan, shugabannin ajinsu ne suka zaunar da su da tukunya, washegari na gan su tare suna ɗinke rigar, ɗaya na riƙe ɗaya na soka allura, suna ta zagin ɗinkin juna.

Ni abin da ya tsaya mini daban ne, kuma na kai shi gaban malamin addininsu, wani dattijo mutumin Bida. Na ce, "Malam, mu an koya mana in an tambaye ka ka ce lafiya lau, godiya ce ga Allah. Yanzu so ake yara su koyi ƙorafi?" Ya yi murmushi ya ce, "Malama, in kin je asibiti likita ya ce ya jiki, me kike cewa?" Na ce, "Da sauƙi." Ya ce, "Daga nan sai ki tashi ki tafi gida?" Na ce a'a. Ya ce su ba su hana yaro godiya ba, shi ya sa ake karɓar amsar farko da mutunci. Abin da suka hana shi ne babba ya fake da ita ya wuce. Sai ƙafar mai raken Tungan Maje ta faɗo mini a rai.

Ranar Juma'a na so in tsaya daga nesa, Godiya ta matsa ta yi mini wuri a kan benci. Tukunya ta zaga, ta zaga, sai ga ta a hannuna. Ban san tana da sanyi haka ba.

"Malama, yaya kake?"

"Lafiya lau."

"Mun karɓa. To, a ciki fa?"

Jama'a, goma tana da tsawo. Ni da nake koyar da lissafi ban san haka goma take ba. Na so in ce ba yau ba, bakina ya ƙi. Na ƙara riƙe tukunyar da kyau kada in fasa musu. Sai na ji kaina ina cewa, "Akwai takarda a jakata." Na ba su labarin ban faɗi suna ba, har faɗuwar da na yi da dariyar da aka yi mini. Ba wanda ya yi dariya. Wani yaro mai faɗin goshi ya miƙo hannu biyu, na ba shi tukunya.

Ya ce, "Malama, ka tambaye shi abin da ya same shi?"

Na ce, "Sau uku."

"Ya ce me?"

"Ta ce lafiya lau."

"Ka jira?"

Ban jira ba. Sau ukun tana rufe baki nake cewa fita ki ba ni wuri. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ko ranar da na faɗi a asambuli, domin waccan faɗuwa ce kawai, wannan kuwa laifina ne.

An shirya ranar Asabar Madam za ta kai ni cikin birni in ga manyan gine-gine da babban masallaci. Na ce ta yi haƙuri, gida zan tafi. Ta dube ni ta ce, "Je ki, birni ba ya gudu." 'Yan ajin Godiya suka ba ni 'yar tukunya sabuwa, na naɗe ta a ɗankwali na rungume a cinya. A Tungan Maje na manna fuska a gilashi ina neman mai rake, na hango baronsa amma wani ne a kai, kuma direba bai tsaya ba. Har yau ban san yadda ƙafar nan ta ƙare ba. Sauran hanyar ban gan ta ba, agogo kawai nake dubawa ina yi wa direba tsaki duk inda ya tsaya shan mai.

Daga tasha ban je gida ba, na hau keke zuwa gidan su Rukayya, ana kiran la'asar. Mahaifiyarta ta gan ni ta rikice, ta shimfiɗa tabarma tana cewa, "Malama, don Allah a yi mata afuwa, wallahi ba halinta ba ne, mu ma ta ƙi gaya mana komai." Rukayya ta fito ta durƙusa nesa da ni, ta rame, idonta a ƙasa.

Na ce, "Rukayya, yaya kike?"

"Lafiya lau, Malama."

Na ce, "Na karɓa, wannan ta gaisuwa ce. A ciki fa, 'yata?"

Na kama bakina na fara ƙirge. Na kai goma, ba ta motsa ba. Na kai ashirin, harshena yana ƙaiƙayi, ina jin "ke, da ke nake" tana tasowa, na haɗiye ta. Mahaifiyar ta tashi ta shiga ɗaki. Wajen arba'in ne na ga ɗigon hawaye ya faɗi a kan tabarma.

Rukayya ta ba ni izinin faɗin wannan, shi ya sa nake faɗa. Tana da ƙawa tun firamare, zan kira ta Nafisa. Nafisa ta makara kwana huɗu a jere, kuma Rukayya ta san dalili: mahaifiyar Nafisa na kwance a asibiti, ita ke jinya, da safe ta koma gida ta sallami ƙannenta sannan ta taho. Kwana uku Rukayya tana kau da kai. Rana ta huɗu ina tsaye a bayanta, kuma ni ce na sha gaya mata cewa shugaba ba ta da ƙawa. Ta rubuta sunan. Na yi wa Nafisa shida a tafin hannu. Bayan kwana tara mahaifiyar ta rasu. Rukayya ta je gaisuwa, ta miƙa hannu, Nafisa ta kau da kai. Tun daga ranar Nafisa ba ta sake zuwa makaranta ba.

"Malama, ni na rubuta," ta ce. "Da hannuna na rubuta."

Na tuna safiyar. Na tuna na ce me ya sa kika makara, kafin ta buɗe baki na ce miƙo hannu. Har na tuna hannun yana warin maganin asibiti, na ji warin, na ɗaga dorina. Kuma ni ce kullum nake sa mata alamar ba ta zo ba a rajista, ban taɓa tambayar ina take ba. Na ce, "Ke kika rubuta, ni na daka. Naki ya ƙare a kan takarda." Muka yi kuka mu biyu a kan tabarmar mutane, Malama Aradu da ɗalibarta.

Abin da ya faru ranar Litinin wasunku suna wurin. Ban miƙa takarda ba, na faɗi abin da na faɗa muku yanzu, na ce in akwai wadda za a ladabtar to ga ni. Rukayya ta dawo aji, sunanta ya shiga jarrabawa. Na ce ta karɓi ƙararrawarta, ta ce a'a, a bar ɗalibai su zaɓa, in sun zaɓe ta ta karɓa. Firinsifal ta yarda a gwada da'ira a aji biyu, tukunyar tana kan teburina, wanda ke son gani ya zo, amma da hannu biyu. Dorina kuma tana saman durowa a gida. Ban ce na jefar ba, kada in yi muku ƙarya.

Saura Nafisa. Ƙarshen watan nan za a rufe sunayen jarrabawa, kuma har yanzu bencinta ba kowa. Sau biyu ina zuwa gidansu, ta fito ta durƙusa ta ce lafiya lau, in yi tambaya ta biyu, in ƙirga har in gaji, ta sake cewa lafiya lau. Shekaranjiya, zuwa na uku, na lura ba ni take kallo ba, jakata take kallo. Na zazzage jakar a kan tabarma: makulli, hankici, biro, rabin goro. Ta daɗe tana duban su. Na ce, "Nafisa, in ba ki son magana, kina iya cewa ba yau ba. Ba abin da zai same ki."

Ta ɗago, karo na farko ta dube ni ido cikin ido. Ta ce, "Ba yau ba, Malama."

Wallahi tunda nake koyarwa ba ɗalibar da ta taɓa ba ni amsar da ta faranta mini rai kamar wannan, domin ita ce gaskiya ta farko da yarinyar nan ta yarda ta gaya mini. Yau da an tashi can zan koma. Don haka Malam Sani, in ka gan ni na fito da sauri, don Allah kada ka tare ni da zancen fadar shugaban ƙasa.